Ranar da Talatu Ta Ɗauke Kasko

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Suleja da Abuja a shekarun casa'in, in dai yana jin yunwa kamar kowa, ya san rumfar Talatu. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da suna a rubuce. Dogon ɗaki ne na kwano a bakin babban titi, kusa da inda bas-bas suke lodi, da wani labule a ƙofa wanda an daɗe da manta asalin launinsa. Tuwon shinkafa take yi da miyar taushe, da sakwara da agushi saboda baƙin da suka cika garin. Amma in ka tambayi 'yan kamasho hanya, ba za su ce maka mai tuwo ba. Talatu Mai Kasko za su ce, su nuna maka da baki.

An haife ta a garin tun yana amsa sunan Abuja, kafin gwamnati ta ga sunan ya yi mata kyau ta ɗauka ta kai can gaba, ta bar su da Suleja. Talatu ba ta taɓa yafe wannan ba. Takan ce an tafi da sunan, an tafi da fitilun, an bar musu masu kwana. Da gaskiyarta, domin ƙananan ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu a Suleja suke kwana, su yi sammako su tafi, su dawo da yamma a galabaice. Sai dai waɗannan masu kwanan da take yi wa tsiya su ne suka mayar da rumfar zanar uwarta ta zama ɗakin kwano, ita ma ta sani.

A gindin murhun uwarta ta girma, a nan kuma ta samu miji. Wata ranar damina wani dogon saurayi, yaron wata motar ɗaukar yashi, ya faɗo rumfar a jiƙe sharkaf, da karan taba a baki da ashanar da ta sha ruwa a hannu. Ya ƙyasta ya ƙyasta, ta ƙi. Uwarta ta ce, "Ke, ba shi wuta kafin ya cinye kwalin." Talatu ta zuba garwashi a ɗan kaskon da suke turare da shi, irin na matan Gbagyi, ta miƙa masa tana kallon gefe. Washegari ya dawo, rana tsaka, ba ko ɗigon ruwa, ya ce ashanarsa ta sake jiƙewa. Sunansa Bamalli. Ashanar nan ba ta bushe ba sai da aka ɗaura aure.

Daga nan kaskon ya zama al'adar rumfar. Duk wanda ya gama cin abinci ya wanke hannu, za a turo masa kasko da garwashi ja a ciki, ya sunkuya ya kunna tabarsa. Talatu ba ta taɓa ɗora taba a bakinta ba, amma tana ganin bai wa baƙo wuta kamar ba shi ruwan wanke hannu ne, cikon karamci. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Ikilima, wadda ta yi aure a Madalla. Bamalli kuwa ya zama direban tifa, ya yi shekaru yana kwasar tsakuwa daga wuraren fasa dutse yana kai wa masu gina Abuja. Yakan ce in za a yi adalci, rabin titunan birnin nan nasa ne.

A cikin rumfar akwai wani benci jikin bangon ciki wanda baƙo ba ya zama a kai bayan la'asar. Na majalisar Bamalli ne. Akwai Kefas, tsohon soja daga Kagoro, mai gadi a wata ma'aikata a Abuja, mutum mai ƙaton wuya da dariya mai girgiza kwano. Akwai Malam Nasiruddeen, akawun kotu, wanda ba ya rabuwa da jarida ko ta makon jiya ce. Sai Ɗanladi mai faci, wanda ba ya kawo magana amma ba ya bari ta mutu. Su ci tuwo, a turo kasko, hayaƙi ya tashi, gardama ta tashi tare da shi. Bamalli ne mai hura wutar. Ba shi da ra'ayin da ya wuce kishiyar na wanda ya riga shi magana. In ka ce damina ta yi kyau zai kawo maka hujjar fari, in ka yarda da shi sai ya koma bayan damina. Talatu takan ji su daga madafa tana murmushi, ta san mijinta bai ƙoshi ba sai ya ga jijiyar wuyan Malam Nasiruddeen ta tashi.

Shekarar da rediyo ya ba da labarin sojoji sun yi dokar hana shan taba a ofisoshi da asibitoci da makarantu da motocin haya, bencin nan ya yi mako guda bai huta ba.

"Gwamnatin da ba ta kawo min ruwan famfo ba," in ji Bamalli, "ita ce za ta gaya min abin da zan zuƙa? Ƙirjina ne ko nata?"

"Oda oda ce," in ji Kefas, yana busa hayaƙi ta hanci. "A bariki in an ce kar a yi, ba a tambaya."

"To kashe taka mana, Saja."

"Nan bariki ne?"

Malam Nasiruddeen ya ɗaga yatsa ya ce ba ƙirjin mai sha ake ji ba, na wanda yake kusa da shi ne, kuma duk da haka gidan abinci ba ya cikin wuraren da aka ambata. Bamalli ya ce to wanda yake kusa ya matsa. Aka yi dariya, Talatu ta ƙaro garwashi.

Bayan 'yan shekaru tari ya kama Bamalli. Ba wanda ya damu, domin kowa a bencin yana da nasa tarin. Talatu ce kawai ta lura cewa nasa ya bambanta. Ta ga yana hutawa kafin ya hau gaban tifa, ta ga yana tsayawa tsakanin gida da masallaci kamar mai tunanin wani abu, alhali numfashi yake nema. Ta matsa masa har ya yarda su je asibiti, amma ya ce ba na garin ba. Sai da suka yi nisa ta hanyar Kaduna, inda ba mai saninsu.

Likitan ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana kallo. Ya ce ba tarin fuka ba ne, ba kuma abin da ake ɗauka ba ne. Huhun ne ya lalace, taba ta ci rabonta, ƙurar dutse ta ci nata, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Abin da ya rage shi ne a lallaɓa sauran. Ya dubi Talatu, ba Bamalli ba, ya ce, "Mama, kada ya sha, kada kuma a sha kusa da shi. In kina son ya daɗe, wannan ne maganin da ya fi duk wanda zan rubuta."

Suka kamo hanyar gida a bas, suka wuce Sabon Wuse. Sai da suka kusa Gauraka Bamalli ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon taga. Ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba, na ubansa. Tari ya kama tsohon a ƙauyensu, aka ware masa kwano da moɗa, aka yi masa bukka a bayan gida, abokansa suna gaishe shi daga nesa kamar masu kiran ɗan dako. Bamalli yana yaro shi ke kai abincin ya ajiye a ƙofa ya gudu.

"Ba za a ware min kwano ba, Talatu."

"Maigida, ai likita ya ce ba a ɗauka."

"Likita ne zai zauna a rumfarki yana yi wa mutane bayani? Da an ji mijin mai tuwo yana tari yana ramewa, shi ke nan. Wani ya ce fuka, wani ya ce wannan sabuwar cutar. Ki rantse min. Muddin ina raye, ba wanda zai ji daga bakinki."

Ta so ta ƙi. Amma mutum ne da bai taɓa roƙonta komai ba ban da wuta. Ta rantse.

Ya ajiye tuƙi, ya ce wa mutane baya ne ya dame shi. Ya ajiye taba, ya ce ya gaji da ita ne kawai, aka yi masa tsiya aka gama. Amma bai ajiye bencin ba, kuma bencin bai ajiye taba ba. Kullum bayan la'asar zai zauna a tsakiyarsu, hayaƙin mutum uku yana zagaye shi, ya yi gardama iya ƙarfinsa, sannan ya miƙe ya ce bari ya kama ruwa. Talatu takan same shi a bayan madafa, ya dafa duro da hannu biyu, bakinsa a buɗe, idanunsa sun firfito, yana jan iska tana ƙi. Ta riƙe shi har abin ya lafa. Ya share fuska, ya gyara hula, ya koma ciki yana cewa, "Ina muka tsaya? Malam Nasiru, ƙarya kake." Ta yi makonni tana kallon wannan, kullum da hannunta take tura kaskon. Abin ya ishe ta, ya hana ta cin abincin da take dafawa.

Ranar da ta yanke shawara, ba ta shawarci kowa ba, har shi. Ta sa aka mayar da murhu can ƙarshen fili, ta ɗaure labule, ta wanke kaskon ta kife shi a ƙarƙashin gado. Ta san za a tambaye ta dalili, kuma an rufe mata baki a kan dalilin gaskiya. Sai ta nemi wanda kowa ya saba ɗora wa laifi, wanda ba zai zo ya ƙaryata ta ba.

Majalisa ta ci tuwo ta wanke hannu. Aka jira. Kefas ya leƙa madafa ya ce, "Madam, wuta fa?"

Ta fito tana goge hannu da zani. "Babu wuta daga yau, Saja. Gwamnati ta hana shan taba a gidan abinci. Duba-gari ya zo da safe."

Kowa ya fara magana lokaci guda. Ɗanladi ya ce wane duba-garin, shi da yake bakin titi tun asuba bai ga kowa da kaki ba. Kefas ya ce in hayaƙi ake gudu, na itacen da take dafa tuwo da shi turare ne? Ya ce gwamnatin da tifofinta suke tayar da ƙura har cikin miya, yau ita ce mai tausayin huhun talaka. Malam Nasiruddeen ya bari suka gama, ya naɗe jaridarsa a hankali.

"Uwargida," ya ce, "ni a kotu nake aiki. Dokar nan na san ta. Ba gidan abinci a cikinta. In rumfarki ce kike so ki gyara, ikonki ne, sai ki ce mana haka. Amma kada ki yi mana wayo da gwamnati, ba yara ba ne mu."

Kunya ta kama Talatu har tafin ƙafa. Kafin ta sami abin cewa, wani matashi mai ɗaure da wuya, cikin ma'aikatan Abuja, ya ɗago daga kan sakwararsa ya sa baki. Ya ce Madam ta yi daidai, ƙasashen da suka ci gaba ma can suka nufa, kuma ba dalili mutum ya biya kuɗin abinci a haɗa masa da hayaƙin wani kyauta. Yana da gaskiya, amma da ya san ɓarnar da ya yi da ya ci gaba da cin sakwararsa. Ɗanladi ya dube shi, ya dubi Talatu, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano bakin zaren. "Af, ashe manyan baƙi aka yi. Mu masu warin taya mun tsufa."

Sai duk suka juya ga Bamalli. Shi ne mai cewa ƙirjina ne ko nata. In akwai ranar da aka halicce shi dominta, wannan ce. Ya dubi matarsa. Ya gane abin da ta yi, ya gane kuma don wa ta yi, ya san in ya buɗe baki ya kare ta da gaskiya asirinsa ya tonu, in ya ƙaryata ta ya tozarta ta a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai.

"Yadda ta ce ɗin," ya ce.

"Iye?" in ji Ɗanladi. "Bamalli, kai ne? Ashe mijin-ta-ce muke zama da shi ba mu sani ba."

Kefas bai yi tsiya ba. Ya mayar da karan tabarsa cikin kwali, ya miƙe, ya ce, "Madam, mun gode da abinci." Wannan godiyar ta fi zagin Ɗanladi yi wa Talatu ciwo.

A tsallaken titi akwai bishiyar mangwaro da mai shayi a gindinta. Can majalisa ta koma. Daga ƙofar rumfar ana hango su sarai, amma ba a jin abin da suke cewa saboda rugugin motoci. Abin haushi, ciniki bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Mata ma'aikata da a da suke saye a leda su wuce suka fara zama, har da masu goyo. Numfashin Bamalli ma ya ɗan daidaita, ya daina zuwa bayan madafa. Talatu ta samu duk abin da likita ya ce ta nema. Sai dai mijin da ta ajiye a cikin iska mai kyau ya daina magana.

Ya fitar da kujera bakin ƙofa, kullum bayan la'asar yana nan. Kwanakin farko sukan ɗago masa hannu, Kefas ya haɗa tafin hannu a baki ya yi ihu, "Oga, ƙetaro mana!" Sai Bamalli ya ɗaga hannu kamar mai cewa ina zuwa. Wanda bai san titin nan ba zai ce mene ne a ciki. Titi ne da tifofi da bas-bas ba sa ɗaga ƙafa, duk mai ƙetarawa sai ya ruga da gudu. Bamalli kuwa ko sauri ba ya iyawa. Wata rana Talatu ta gan shi ya miƙe, ya gyara hula, ya taka har bakin kwalta. Ya tsaya yana duban hagu da dama, hanya ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Ya san in ma ya kai can, zai kai ne yana haki a gabansu, ya zauna cikin hayaƙin da zai tona shi. Ya juyo a hankali ya koma kujerarsa. Su kuwa daga can abin da suka gani shi ne mutum ya zo har bakin hanya ya fasa. Daga ranar suka daina kira.

Ta roƙe shi ya sake ta daga rantsuwar. "Maigida, Saja kaɗai. Mutumin kirki ne, ba zai faɗa ba."

"Don su riƙa zuwa duba ni da lemo a leda, suna zama nesa-nesa? Gara su ce ni mijin-ta-ce ne."

"To in mayar da kaskon."

"Ki mayar, ki kashe ni da wuri." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Kin yi daidai, Talatu. Bar shi."

Wani abu da ya koya a kujerar nan shi ne karanta gardama daga nesa. Yakan ce, ba tare da ya juyo ba, "Ga Malam Nasiru ya ɗaga yatsa, maganar shari'a ce. Ƙarya yake. Ga Saja ya miƙe tsaye, an taɓo yaƙi ke nan." Sai ya ba su amsa shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, hujja bayan hujja. Talatu ta gwada maye gurbinsu. Takan ajiye ludayi ta zo ta tsaya kusa da shi ta ce ita a ganinta farar hula sun fi soja. Ya ce soja sun fi. Sai ta ce to, haka ne kuma. Ya dube ta da tausayi ya ce, "Ke ba ki iya ba. Ba a yarda da wuri." Ta koma madafa ta yi kukanta, ta ce wa matan da ke taya ta aiki albasa ce.

Sau ɗaya Allah ya kawo mata dama har ƙofa. Wata safiya ta damina, Bamalli yana ciki a kwance, sai ga Kefas ta bayan madafa, zai tafi aiki, da ashana a jiƙe. Bai shigo ba, ya tsaya daga bakin fili kamar baƙo. "Madam, a taimaka da wuta." Ta ɗebo garwashi a murfin gwangwani ta miƙa masa. Ya kunna, ya ja, bai tafi ba.

"Oga lafiya kuwa? Na ga kamar ya faɗa."

Ta kusa faɗa masa gaskiya. Kalma kaɗan ce, kuma mutumin yana tsaye yana jiran ta. Ta tuna roƙon da Bamalli ya yi mata a cikin bas, ta tuna ta ambaci sunan Allah.

"Ulsa ce take damunsa," ta ce. "Da sauƙi."

"To. A gaishe shi." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Ki ce masa bencin mai shayi ma yana ɗaukar mutum huɗu."

Ta isar da saƙon. Bamalli ya juya fuskarsa bango.

Ya kai har bayan babbar Sallah ta shekarar da ta biyo baya. Likitan da suka koma wurinsa ya ce ya yi mamakin yadda ya kai haka, ya yaba wa Talatu. Wata safiya bayan ta ɗora tukunya ta shiga kai wa Bamalli koko, ta tarar numfashin da suka daɗe suna lallaɓawa ya ƙare. Ikilima ta zo daga Madalla, aka rufe ciniki, aka shimfiɗa tabarmi a cikin rumfar domin masu ta'aziyya, tunda gidan yana bayanta.

'Yan majalisarsa ne suka fara zuwa. Malam Nasiruddeen da Ɗanladi suna cikin masu ɗaukar makara, Kefas ya bi su har maƙabarta ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu. Da aka dawo suka zauna a bencinsu jikin bango, ba wanda ya nuna musu. Suka wuni a nan, washegari ma haka, har ranar sadakar uku. Talatu tana ciki cikin takaba, amma ta tsakanin labulen ƙofar gida tana ganinsu. Daga safe har magariba ba wanda ya taɓa aljihunsa. Ba wanda ya ko fita waje ya ja ya dawo.

Da aka yi addu'a jama'a suka watse, su uku suka rage. Talatu ta durƙusa ta jawo kaskon daga ƙarƙashin gado, ta zuba garwashi, ta turo shi ta ƙasan labule har ya tsaya a gabansu. Suka dube shi.

"Uwargida," in ji Malam Nasiruddeen a hankali, "gwamnatin ta janye dokar ne?"

"Ba gwamnati, Malam. Ba a taɓa yin duba-gari ba." Muryarta daga bayan labule take fitowa. Rantsuwar ta muddin yana raye ce, ta ƙare. Ta gaya musu duka: hoton ƙirji, maganar likita, duron bayan madafa, kwanon ubansa, ranar da ya tsaya a bakin kwalta.

Ɗanladi ya rufe fuska da hularsa. Malam Nasiruddeen ya ce, kamar mai magana da kansa, "Mu muna can muna cewa ya raina mu. Kullum muna jiran ya ƙetaro."

"Shi ma ku yake kallo," in ji ta.

Kefas ya zaro kwalin tabarsa daga aljihu ya riƙe shi, yana juya shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Da ya yi magana, muryar nan mai girgiza kwano ta zama ta yaro.

"Madam, taba? Saboda taba? Yau kwana uku ban sha ba, na mutu? Da kin ce mana saboda shi ne, ko da ido kika nuna mana, wa zai kunna? Ni da na ɗauki mutane a kafaɗa a bakin daga, zan guji kwanon Bamalli?" Ƙaton mutum ya kifa kai a gwiwa yana kuka, kafaɗunsa suna rawa.

Talatu ta cika alkawarin mijinta, ta bi maganar likita, ba ta saɓa wa kowa ba, kuma ga abin da ya fito. Kaskon ya zauna a gabansu, ba wanda ya miƙa hannu, har garwashin ya zama toka.

Da ta fita takaba ta sake buɗe rumfar, ta ci gaba da tuwonta har ƙarshen shekarun nan, lokacin da gwiwa ta hana ta tsayuwa Ikilima ta ɗauke ta zuwa Madalla. Sunan Mai Kasko ya bi ta, amma kaskon bai sake fitowa ba. Su Kefas sun dawo bencinsu, sukan ci tuwo su ɗan taɓa hira su tashi da wuri, domin ba mai ɗaukar kishiyar magana. In gardamar ko gwamnati tana da ikon hana mutum abin da yake so ta tashi a tsakanin baƙi, Talatu ba ta sa baki, kuma ba ta sake aron sunan gwamnati ba ko sau ɗaya. In wani baƙo ya gama cin abinci ya zaro taba, takan zo ta tsaya kusa da shi ta ce, "Ɗana, ciwon huhu ne ya kashe mijina. Don Allah ka yi haƙuri ka fita waje."

Direba ne ko soja ko mai ɗaure da wuya, sai ya mayar da ita aljihu ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Mama." Ba wanda ya taɓa yi mata gardama, ko mutum ɗaya. Wannan sauƙin shi ne abin da ya fi ci mata rai har ta bar duniya.